Yadda ake tsara nutson teku da manhaja tun daga Yamai

Daren da ƙanena ya zo gidana a Yantala da kwamfuta a hammata, saura mako uku ya tashi zuwa Misira. Wurin aikinsu ne ya tura shi kwas a Alƙahira, shi kuma ya ƙudura in an gama zai gangara Bahar Maliya ya yi kwana huɗu yana nutso, da takardar shaidar da ya samo a Dakar shekara biyu da suka wuce. Tun daga lokacin bai sake goya tulun iska ba. Ya miƙo hannu yana nuna mini sabon agogon nutso, ya ce, "Yaya, ai wannan ya raba gardama, shi zai riƙa faɗa mini komai." Na ce masa agogo yana faɗin abin da ka riga ka yi da abin da ya rage maka a wannan mintin. Amma ko iskar tulunka za ta fito da ku sama kai da abokin nutsonka, ko jirgin da ka yanki tikitinsa ya matse nutsonka na ƙarshe, a kan tebur ake gano wannan, kafin ƙafa ta jiƙe. Muka ɗora shayi, muka buɗe manhaja, ba mu tashi ba sai wajen ƙarfe ɗayan dare. Hanyar da muka bi ce zan shimfiɗa a nan.

Mu mutanen Yamai halinmu daban yake da na ƴan bakin teku. Kafin mu ga ruwan gishiri sai mun ci kusan kilomita 1,000 a mota. Wanda ya iya nutso a cikinmu a tafiya ya koya, a tafiya kuma yake yi: sau ɗaya ko biyu a shekara, da kayan haya, nutso a kan nutso cikin ƴan kwanaki, daga nan sai filin jirgi. Hannu ya manta, numfashi ya manta, ga gaggawar son a more kuɗin tafiya. Shi ya sa tsarin ya fi wajaba a kanmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sharaɗi ɗaya tukuna. Wannan jagora ta wanda ya riga ya yi horo a hannun malamin nutso ce. PADI da CMAS ƙungiyoyi ne masu ba da horon nutso da takardar shaida: takardar matakin farko ta PADI mita 18 ta ba ka, ta CMAS mita 20. Manhaja za ta yi maka lissafin mita 60 ba tare da ta tambaye ka takarda ba, don haka kai ne za ka tsayar da kanka.

Abin da manhajar ke lissafawa

A bakin teku iska tana danne mu da matsin bar 1. Kowace mita 10 ta ruwan gishiri tana ƙara bar 1, wato a mita 10 bar 2, a mita 30 bar 4. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kusan duk sauran naitirojin ne, wanda muka sani da azot a lakwal. Jiki ba ya aiki da shi. Idan matsi ya ƙaru sai ya riƙa narkewa cikin jini da tsoka da kitse, idan ka taso kuma dole ya fita ta huhu. Ka taso a hankali, ya fita salin-alin. Ka taso da sauri, ya zama kumfa a cikin jiki, kamar lemun kwalba da aka fasa bayan ya sha rana da girgizar kabu-kabu. Bafaranshe Paul Bert ne ya nuna haka a 1878.

A 1908 John Scott Haldane, a Ingila, ya gwada awaki cikin ɗakin matsi, ya fito da dabarar da ake kanta har yau. Ka ɗauki goruna, kowane da huda mai girma daban, ka nutsar da su. Mai babbar huda yana cika nan da nan, in an ɗago shi kuma ya zube nan da nan. Mai ƙaramar huda yana jinkirin cika, yana jinkirin zubewa. Haldane ya ɗauki jiki a matsayin gora 5, masu cika rabi a minti 5, 10, 20, 40 da 75. Daga baya likita Albert Bühlmann na Zurich a ƙasar Suwizalan ya kai su 16, daga mai cika rabi a minti 4 ko 5 har mai cin minti 635, sama da awa 10 ke nan. Sunan lissafinsa ZH-L16, kuma shi ne a cikin yawancin manhajoji da agogunan yau. Kowane gora yana da iyakar ƙarin matsin da zai ɗauka kafin a ji tsoron kumfa. Aikin manhaja shi ne ta bi gorunan nan minti bayan minti, ta ce maka iya nan za ka iya tasowa, ko kuma ka tsaya a zurfi kaza na minti kaza. Wannan tsayawar ita masu faransanci ke kira paliye. Ni zango nake ce mata, domin abin da take ke nan.

Ka riƙe wannan da kyau, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya: gorunan lissafi ne kawai. Babu wanda ya auna jininka. Dubi mita 30 da iska ta yau da kullum. Jadawalin MN90 na sojojin ruwan Faransa, wanda ake koyarwa a ƙasashe masu faransanci, minti 10 ya ba ka ba tare da zango ba. Jadawalin PADI ya ba ka minti 20. Zurfi ɗaya, jiki ɗaya, ninki biyu tsakaninsu, kuma dubban mutane sun yi nutso da kowanne. Babu wani layi da za a ce daga nan lafiya, daga can ciwo. Haɗari ne ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kai kuma kana zaɓar inda za ka tsaya.

Zaɓen manhaja

Subsurface nake ba kowa shawara ya fara da ita. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi ya fara ta a 2011, daga baya Dirk Hohndel ya karɓi ragamarta. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, ana iya juya ta zuwa faransanci, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san halin rezo da ɗaukewar kuran a watan Afrilu. Ta salula ta fi dacewa da ajiye tarihin nutso, tsarin kuwa a ta kwamfuta za ka yi shi. Akwai kuma MultiDeco, ta kuɗi ce, masu nutso mai zurfi suna yawan aiki da ita. Ga mai farawa, ta kyautar ta isa har ta yi yawa.

Kafin ka taɓa komai, duba littafin agogonka ka ga da wane lissafi yake aiki. Agogunan kamfanonin Shearwater da Garmin na Bühlmann suke bi. Agogunan Suunto da yawa RGBM suke bi, wanda Bruce Wienke ya tsara, kuma ba za su ba ka lambobi daidai da na manhajar ba, musamman a nutso na biyu da na uku. In sun saɓa a cikin ruwa, wanda ya fi tsanani ake bi.

Mataki na 1: ruwan da wurin

Buɗe sashen tsara nutso. Sa rana da lokacin gaskiya, za ka ga amfaninsu a gaba. Zaɓi irin ruwa: na gishiri ya fi na daɗi nauyi da kusan kashi 3 cikin 100, don haka a kogi ko tabki sai ka kai mita 10.3 kafin ka sami ƙarin bar 1. Sannan tsayin wurin daga teku. Yamai tana wajen mita 200, Tawa ta kusa 400, Agadas ta haura 500. Jadawalin MN90 zuwa tsayin mita 300 daga teku aka yi shi, sama da haka sai an gyara, domin iskar saman ta fi sauƙi kuma tazarar matsin da jiki zai fuskanta in ya fito ta fi girma. Manhaja tana gyarawa da kanta in ka faɗa mata. In nutson teku ne, ka bar shi a sifili ka wuce.

Mataki na 2: tulu da numfashinka

A nan ne na fi daɗewa da ƙanena, domin a nan aka fi yi wa manhaja ƙarya ba tare da an sani ba.

Girman tulu sau matsinsa shi ne iskar da kake da ita. Tulun ƙarfe mai lita 12 a bar 200 yana da lita 2,400. Tulun alminiyon da aka fi bayarwa haya a Misira lita 11 ne da ɗoriya, wato kusan 2,200. Ka tambayi wurin da za ka je wanne suke da shi, kada ka yi zato.

Daga nan sai lambar da manhaja ke rubutawa SAC, wato litar da kake shaƙa a minti ɗaya a saman ruwa. A zurfi ana ninka ta da matsi. Mai shaƙar lita 20 a sama, a mita 20 lita 60 yake sha, a mita 30 lita 80. In ka ware bar 50 na ajiya daga tulu mai lita 12, lita 1,800 suka rage maka. A mita 20 minti 30 ke nan, alhali MN90 ya ba ka minti 40 kafin zango. Ka ga a wannan zurfin iska ce ke korarka kafin naitirojin. A mita 30 kuwa abin ya juya: iska za ta kai minti 22, amma iyakar naitirojin ta riga ta zo.

Yadda za ka san taka lambar: a nutson farko na tafiya, ka tsaya a mita 10, ka duba allurar matsi, ka yi iyo kamar yadda ka saba na minti 10, ka sake dubawa. A ce bar 30 suka tafi. Sau 12, lita 360. Raba 10, lita 36 a minti. Raba da matsin wurin, bar 2, ka sami 18. Ita ce taka a ranar, a ruwa mai kwanciya.

Ni da kaina na sha wannan darasin a gaɓar Dakar. Na ji malaminmu ya ce shi lita 15 yake sha, na kwafa na sa a tsarina. Muka sauka mita 25, ruwa na ja, ina fama da ƙafa. A minti na 15 takardar da ke hannuna ta ce ya kamata in ga kusan bar 135. Allura tana kan 95. Har yau ina tuna yadda na goge gilashinta da babban yatsa ina zaton ido ne ke yi mini gizo. Na yi wa abokina alama muka taso da wuri, lafiya ƙalau, amma da na yi lissafi da yamma sai na ga lita 24 nake sha. Manhajar ba ta yi kuskure ko na lita ɗaya ba, numfashin wani na ba ta. In ba ka da taka lambar tukuna, sa 22 ko 25, ka rage daga baya in ka auna.

Sai ajiyar gaggawa. Bar 50 da kowa ke faɗa al'ada ce ta ruwa marar zurfi. Yi lissafin ranar da iskar abokinka ta yanke a mita 30, ku biyu a tulu ɗaya, kowa a tsorace yana shan lita 30, jimla 60. Minti 1 a ƙasa kafin ku daidaita: 60 sau 4, lita 240. Minti 3 na tasowa zuwa mita 5, a matsakaicin matsi bar 2.75: lita 495. Zangon minti 3 a mita 5: lita 270. Mintin ƙarshe zuwa sama: 75. Jimla 1,080, wato bar 90 a tulu mai lita 12. Ma'ana a mita 30, in allura ta kai 90, lokacin barin ƙasa ya yi ko da agogo na cewa da saura. Subsurface tana da gurbin da za ka sa ninkin numfashi da mintocin warware matsala, ta fitar maka da wannan lambar. Ka yi ta da biro sau ɗaya tukuna, don ka gane abin da take nuna maka.

In naitroks za ka shaƙa, wato iska mai ƙarin oksijin, ka sa kasonta daidai. Tana rage naitirojin amma tana kawo tata iyakar, domin oksijin da matsinsa ya yi yawa yana iya jawo farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Ka tsayar da matsin oksijin a 1.4. Mai kashi 32: raba 1.4 da 0.32, cire 1, sau 10, mita 33 ke nan ba ƙari. Tana buƙatar nata horon, kuma kowane tulu da hannunka za ka auna shi kafin ka goya.

Mataki na 3: lambobin GF

Za ka ga gurbi biyu, GF na ƙasa da GF na sama, ana rubuta su kamar 40/85. Injiniya Erik Baker ne ya kawo su a shekarun 1990. Iyakar da Bühlmann ya sa ita ce 100. In ka rubuta 85, ka ce wa manhaja kada ta bar kowane gora ya wuce kashi 85 na wannan iyakar lokacin da kake fitowa sama. Lambar farko tana yanke zurfin zangon farko: in ta yi ƙasa, zango ya fara tun daga can ƙasa. Ga nutson da babu zangon dole, lamba ta biyu ce kaɗai ke aiki. Gwada da kanka: sa mita 30, ka sauya ta daga 95 zuwa 85 zuwa 75, ka ga yadda mintoci ke zaizayewa. Agogunan Shearwater a tsarin masu nutson shaƙatawa suna da 45/95, 40/85 da 35/75.

An yi shekaru ana ganin fara zango tun daga zurfi shi ne hikima, mutane suna sa 20 ko 30 a lambar farko, ko su bi lissafin kumfa irin VPM-B, wanda shi ma yana cikin Subsurface. A 2011 cibiyar gwajin nutso ta sojojin ruwan Amurka ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi: nutso 390 zuwa kusan mita 52 na minti 30, jimlar lokacin zango iri ɗaya, wasu suka fara zango daga zurfi, wasu daga kusa da sama. Waɗanda suka fara daga zurfi sun fi kamuwa da ciwon, fiye da ninki uku. Dalilin a fili yake in ka tuna goruna: kana tsaye a ƙasa kana lallashin masu babbar huda, masu ƙaramar huda kuwa suna ta sha. Tun daga nan masana da yawa suka ɗaga lambar farko zuwa 50 ko fiye.

Ra'ayina ga irinmu masu dogon hutu tsakanin tafiya da tafiya: lamba ta biyu kada ta wuce 85, a kwana biyun farko ma 75 ko 80. Minti uku ko huɗu da za ka rasa a ƙasa ba su kai darajar ƙafafunka ba. Abin da ka sa a manhaja kuma, shi za ka sa a agogo.

Mataki na 4: zana nutson ka karanta shi

Yanzu sai ka shigar da zurfi da mintoci layi-layi: sauka zuwa 28, minti 12 a can, tasowa zuwa 15, minti 15, da sauransu. Saurin tasowa ka sa mita 9 ko 10 a minti, mita 5 ko 6 na ƙarshe kuma ka ba su minti guda cur. Daga mita 10 zuwa sama matsi yana raguwa da rabi, babu inda ya fi nan saurin canji. Ƙara zangon kariya na minti 3 a mita 5 ko da lissafi bai tilasta ba.

A hoton da zai fito, ka sa ido kan koren tabo da ke saukowa daga sama. Shi ne rufi. Muddin yana nan, ba ka da ikon fitowa kai tsaye, ko iska ta ƙare, ko sanyi ya kama ka. Mai takardar shaƙatawa bai kamata ya ga rufin nan a tsarinsa ba sam. Subsurface tana da yanayin shaƙatawa, wanda ke faɗa maka iyakar mintocin da za ka yi ba tare da rufi ba kuma ba tare da cin ajiyar iska ba. Da shi za ka yi aiki. Ƙarƙashin hoton akwai bayani a rubuce: lokacin kowane mataki, iskar da za ta tafi, da gargaɗi in tulu bai isa ba. Karanta shi har ƙarshe.

Mataki na 5: ɓata tsarin da gangan

Wannan mataki ne agogo ba zai yi maka a cikin ruwa ba. Ajiye tsarin, ka ƙara mita 3. Dawo, ka ƙara minti 5. Sannan duka biyun tare. Bashin zango ba ya ƙaruwa daidai wa daida, tsalle yake yi. A MN90, mita 30 na minti 25 zangon minti 4 ne a mita 3. Minti 35 kuwa zangon minti 17 ne. Ƙarin minti 10 a ƙasa ya ninka bashin fiye da sau huɗu, a daidai lokacin da tulu ya fi sauƙi. Da ƙanena ya ga jan gargaɗin ƙarewar iska ya fito daga ƙarin minti 5 kawai, ya yi shiru, can ya ce, "Ashe haka abin yake kusa." In tsarinka bai jure ƙarin mita 3 da minti 5 ba, rage shi.

Mataki na 6: kwanakin duka, har da jirgi

Naitirojin ba ya ƙarewa don ka fito. Goruna masu jinkiri suna kwana da shi. Ajiye nutson safe a manhaja, ka tsara na rana da lokacinsa na gaskiya, za ta ɗauko ragowar ta ɗora. Mai zurfi a fara da shi, a huta aƙalla awa ɗaya tsakani. MN90 nutso biyu kacal ya yarda da su cikin awa 24. In kwanakin sun kai biyar ko shida, ka bar rana ɗaya a tsakiya ba ruwa.

Sai jirgin komowa. Cikin jirgi matsin yana iya sauka kamar kana kan dutse mai mita 2,400, kusan bar 0.75. Ƙa'idar da DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ta fitar bayan taronta na 2002 ita ce: awa 12 aƙalla bayan nutso ɗaya marar zango, awa 18 bayan nutso a jere ko na kwanaki, fiye da haka sosai in an yi zangon dole. Ni awa 24 nake bari. Daga lokacin tashin jirgi za ka ƙirgo baya ka sa nutson ƙarshe, tun kafin ka biya kuɗin kwanakin. Tikitin ƙanena na ƙarfe 6 na safe ne, ya kuma yi niyyar nutso biyu da yammacin jajibiri. Mun soke su. Haka ma hawan dutse: masu zuwa garin Dahab da ke gaɓar Bahar Maliya a Misira sukan so su ziyarci Dutsen Sina'i, mai mita 2,285. A yi ziyarar kafin nutso, ko bayan an cika awannin.

Mataki na 7: daga allo zuwa hannu

Kwafe abu biyar a allon roba da ake ɗaurawa a hannu: iyakar zurfi, mintin barin ƙasa, bar ɗin barin ƙasa, zango, da lambobin tsarin da ka ɓata. Zauna da abokin nutsonka ku gwada. In numfashinsa ya fi naka ko GF ɗinsa ya fi tsanani, nasa ne tsarin ku biyu.

Abin da babu gurbinsa a manhaja

Ba ta san ka kwana a filin jirgi ba, ba ta san zazzaɓin sauro ya kwantar da kai makon jiya ba. Ƙishirwa, sanyi lokacin tasowa, aikin ƙarfi a ƙasa ko ɗaukar kaya bayan fitowa, duk suna ƙara haɗarin. Ni ba na haɗa nutso mai zurfi da azumi, saboda iskar tulu busasshiya ce, jiki kuma yana zubar da ruwa in ya nutse. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da ƴar kafa tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama, wadda kumfa ke iya bi ta tsallake huhu, yawanci kuma bai sani ba. Wanda yake da amosanin jini, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu, ko asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, maganarsa da likita ce kafin manhaja.

Kafin ka shiga kwalekwalen nutso, tambayi abu uku: ina tulun oksijin na agaji, ina ɗakin matsi mafi kusa, wace lamba ake kira. Alamun ciwon su ne ciwon gaɓa musamman kafaɗa da gwiwar hannu, ƙaiƙayi ko tabo a fata, gajiya marar dalili, jiri, mutuwar jiki ko jin kamar tururuwa na tafiya, kasa fitsari. Yawanci cikin awannin farko suke zuwa. A kwantar da mutum, a ba shi oksijin zalla, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa, a kira agaji, kada a mayar da shi ruwa. Maganin da aka fi yi a ɗakin matsi yana farawa a bar 2.8, yana cin awa 4 da minti 45. In kuma sai da ka sauka a filin Diori Hamani alamun suka bayyana, ka fara gaya wa likita cewa ka yi nutso kuma ka hau jirgi, ka nuna masa hoton nutson a salularka. In ba haka ba, hankali zai tafi ga zazzaɓi ko hawan jini, lokaci yana wucewa.

Kalma kaɗan ga masu shiga kogin Isa da tulu, masu aikin ceto ko gyaran bututu. A zurfin da bai kai mita 10 ba jadawali yana ba da awanni, don haka zango ba shi ne damuwarku ba. Damuwar ita ce jan ruwa lokacin cika, duhun laka, tarun masunta, bakin famfo mai zuƙa, hawa da sauka sau da yawa, da riƙe numfashi wajen tasowa, wanda ke iya fasa huhu ko a mita 2. Abin da manhaja za ta amfane ku da shi lissafin iska ne, kuma ku ninka lambar numfashi.

Mataki na 8: bayan an dawo

Haɗa agogo da manhaja ta wayar USB ko Bluetooth, ka sauke nutson duka, ka rubuta matsin farko da na ƙarshe na kowane tulu. Za ta fitar da numfashinka na gaskiya, ta kuma yi wa wuraren da ka taso da sauri launi ja.

Ƙanena ya dawo da nutso 7. Muka zauna a tabarmar nan dai muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Zurfi da lokaci ya kiyaye su tsaf. Amma a biyar daga ciki, ƙarshen layin ja ne: yana gama zangon mita 5 sai ya harba sama cikin daƙiƙa 15, yana ganin aiki ya ƙare. Ya rubuta "minti ɗaya na ƙarshe" a allon hannunsa da alƙalamin da ba ya gogewa. Numfashinsa ya fara da lita 22 a ranar farko, ya sauka zuwa 17 a ta ƙarshe. Ya kai hannu zai sa 17 a tsarin tafiya ta gaba. Na tambaye shi yaushe ce tafiyar, ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Ya goge, ya rubuta 22.